Hasashen bunƙasa, aikin yi da kasafin kuɗi idan tattalin arziki ya tsaya

Tsayawar tattalin arziki shi ne yanayin da ƙasa ke ɗaukar shekaru abin da take samarwa ba ya ƙaruwa, ko yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan ta yadda bai kamo yawan jama'a ba. Ba faɗuwar farat ɗaya ba ce irin ta shekarar fari, a'a, ya fi kama da motar da ta cije a rairayi, inji na kuka amma tana wuri guda. Hasashe kuwa shi ne ƙiyasin da masana ke yi na abin da zai faru baɗi da baɗin baɗaɗa: nawa arziki zai ƙaru, mutum nawa za su samu aiki, nawa gwamnati za ta tara kuma nawa za ta kashe. Abubuwan nan uku a ɗaure suke da igiya ɗaya, in na farko ya kuskure sauran biyun sai su bi shi.

Asalin maganar

Wani masani ɗan Amurka, Alvin Hansen, shi ya fito da batun doguwar tsayawa a 1938, yana ganin in haihuwa ta ragu kuma ƴan kasuwa suka daina zuba jari to ƙasa na iya daɗewa ba ta motsa ba. Yaƙin duniya na biyu ya zo aka manta da zancen, sai a 2013 wani masanin Amurka, Larry Summers, ya sake tado shi bayan rikicin bankuna na 2008. Misalin da kowa ke kawowa shi ne Japan, wadda farashin gidaje da hannun jarinta ya rushe a farkon shekarun 1990 ta yi sama da shekara 10 tana jan ƙafa. A Afrilun 1997 gwamnatinsu ta ɗauka an warke, ta ƙara harajin sayayya daga kashi 3 zuwa kashi 5 cikin ɗari, ba a jima ba ƙasar ta sake komawa baya, ga kuma rikicin kuɗin Asiya ya faɗo a wannan shekarar.

Amma tsayawar Japan da irin tamu ba ɗaya ba ne. Su tsufa ke damunsu, mu kuwa a Nijar yawan jama'a na ƙaruwa da sama da kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, ƙidayar 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da ɗoriya. Ma'ana in aka ce arziki ya ƙaru da kashi 4, rabon mutum ɗaya kusan bai gusa ba. Shi ya sa za ka ji a rediyo ana cewa an samu ci gaba, kai kuma a kasuwar Katako ko ta Wadata ba ka gani a aljihunka ba, kuma duka biyun gaskiya ne.

Yadda ake hasashen

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne PIB, wato jimillar darajar duk abin da aka samar a ƙasa cikin shekara, daga hatsi da dabbobi har man fetur da kuɗin kiran waya. A nan gida hukumar ƙididdiga ta INS ke auna shi, ma'aikatar kuɗi ta yi nata hasashen, BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, ya yi nasa, Bankin Duniya da asusun ba da lamuni na duniya, FMI, su ma su yi nasu. FMI na fitar da babban rahotonsa a Afrilu da Oktoba, ya yi masa kwaskwarima a Janairu da Yuli. Aikin dai ɗaukar fanni-fanni ne, noma nawa, ma'adinai nawa, kasuwanci nawa, sai a ɗora zato a kan farashin mai da uraniyum da darajar nera da kuma damina. Matsalar ke nan, noma da kiwo sun kai wajen kashi 40 na PIB ɗinmu, kuma ana rubuta kasafin shekara tun kafin Janairu alhali ruwan da zai yanke hukunci sai Yuni zuwa Satumba zai sauka, in Allah ya kawo shi.

Akwai kuma wata cuta da aka sani da masu hasashe ko'ina a duniya: suna yawan zaton gobe za a koma yadda ake da. Kowace shekara sai a rubuta cewa baɗi za a farfaɗo, baɗi ta zo a ɗaga zuwa gaba. Mu mun ɗanɗana wannan a farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin uraniyum na Arlit ya faɗi bayan an riga an ci bashi an fara manyan gine-gine a Yamai da zaton garaɓasar za ta dore. Daga 1983 aka shiga tsarin gyara na FMI, aka yi ta tsuke bakin aljihu, har aka kai shekarun 1990 da ma'aikata ke bin gwamnati albashin watanni, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya rayu a lokacin ba sai an ba shi labari ba.

Na kusa-kusa shi ne 2023. An yi hasashen bunƙasar wajen kashi 7 saboda bututun man Agadem zuwa Seme a Benin, sai juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka zo, iyakoki suka rufe, aka ƙare a wajen kashi 2 zuwa 2 da rabi, gwamnati ta zaftare kusan kashi 40 na kasafin shekarar, man kuma bai fara fita ba sai 2024.

Aikin yi

A 1962 masanin tattalin arziki Arthur Okun ya lura cewa a Amurka in bunƙasa ta yi ƙasa rashin aiki na hawa da wani gwargwado sananne, har yau masu hasashe na amfani da wannan lissafi. To amma a wajenmu ba ya kama ƙasa sosai. Bisa ma'aunin hukumar ƙwadago ta duniya, wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako ana ƙirga shi mai aiki, shi ya sa alƙalumansu ke nuna marasa aiki a Nijar ba su kai kashi 1 ba, abin da duk wanda ya zaga fadojin matasa a Yamai ya san ba shi ne hoton ba. Talaka ba ya da halin zama ba aiki, sai ya hau kabu-kabu ko ya tura baro ko ya riƙe tebur. In tattalin arziki ya tsaya, ba rashin aiki ke hawa a takarda ba, ciniki ne ke raguwa, wanda ke komawa gida da jika biyar ya koma jika biyu, mai digiri ya ƙare a kwantaragin koyarwa. A Tawa kuma alamar da ta fi kowace ita ce yawan samarin Adar da ke cika tasha bayan girbi za su tafi biɗa Abijan ko Libiya ko Najeriya, da kuma yawan kuɗin da suke aikowa gida. A ganina duk hasashen da bai duba waɗannan ba ya bar rabin labarin a waje.

Kasafin kuɗi: a kashe ko a tsuke?

Nan ne gardamar take. Tun 1936 masanin Birtaniya Keynes ya ce in ƴan kasuwa sun ja baya to gwamnati ta shigo ta kashe, don kuɗin da ta biya magini yana zuwa wajen mai tuwo, daga nan wajen mai hatsi, haka yake ninkuwa. Ɗaya ɓangaren na cewa bashi zai yi katutu, gara a rage kashewa a ƙara haraji. Nawa ne wannan ninkin, shi ne tambayar da ta ci ƙasar Girka. A Janairun 2013 Olivier Blanchard da Daniel Leigh na FMI suka fitar da bincike suka amsa cewa hasashen da aka yi wa ƙasashen Turai ya raina illar tsukewar, an lissafa ninkin kamar rabi ne, wato in gwamnati ta rage kashewa da ɗaya arziki ya ragu da rabi, alhali a shekarun farko na rikicin ya haura ɗaya. Girka ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinta, rashin aiki ya kai kashi 27 a 2013.

Sai dai ba za mu kwafi maganin wasu ido rufe ba. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, ba mu da ikon buga kuɗi yadda muka ga dama, kuma ƙa'idojin 2015 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun ce giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 na PIB, bashi kada ya wuce kashi 70, albashi kada ya ci fiye da kashi 35 na haraji, harajin kuma ya kai kashi 20 na PIB, matakin da Nijar ba ta kai ba. An jingine waɗannan ƙa'idoji a Afrilun 2020 saboda korona. Sannan ninkin yana yoyo: in kuɗin ya tafi sayen shinkafar Asiya ya fice daga ƙasa, in ya tafi simintin Malbaza ko albasar Galmi ya zauna yana zagayawa.

Abin da ke faruwa in hasashe ya zarce gaskiya a bayyane yake. An rubuta duwan da lanho za su kawo kaza, ba su kawo ba, albashi da tsaro da biyan bashi kuwa ba sa jira, to sai a taɓa abin da ba ya kuka nan take, wato rijiya da aji da hanyar karkara da magungunan likita, ƴan kwangilar gida kuma su yi ta jiran kuɗinsu, su ma su kasa biyan leburori. Shi ya sa masu tsara kasafi da hankali ke rubuta hasashe iri uku, na damina mai kyau da matsakaiciya da ta fari, su gina kashe-kashen dole a kan mafi ƙanƙanta, sauran kuma su jira kasafin gyara na tsakiyar shekara lokacin da aka ga yadda shuka ta kama.