Giga Huɗu: Katangar da Ta Daɗe Tana Kifar da Jiragen Kwamfuta

Mutum ya tashi daga Dubai da hantsi, ya nufi Landan. Jirgin Boeing 777 ne, amma a kan tebur yake, cikin kwamfuta. Ya yi awa bakwai yana lura da mai da iska, ya je ya ci abinci, ya yi salla ya dawo, jirgi na nan a sama. Ya fara gangarowa, ya saki tayoyi, fitilun Heathrow sun soma bayyana. Sai wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa. Kafin tayoyi su taɓa ƙasa allo ya daskare, wani ɗan akwati ya fito yana cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika. Shi ke nan, awa bakwai sun tafi a banza. Masu harkar kwaikwayon tuƙin jirgi suna kiran wannan da OOM (Out of Memory, wato ƙwaƙwalwa ta cika), kuma sun fi shekara goma suna fama da shi.

Abin haushin, filin Heathrow ɗin da ya kashe tafiyar, da kuɗinsa ya saye shi.

Tun asali ba a san da sayen filin jirgi daban ba. Lokacin da Microsoft ya fitar da Flight Simulator na farko a 1982, bisa aikin Bruce Artwick na kamfanin subLOGIC, filin jirgi 'yan layuka ne kawai a allo. Shekaru da dama duk wanda ya kunna manhajar daga Meigs Field yake tashi, wani ƙaramin fili a bakin tafki a Chicago, har aka wayi gari a Maris na 2003 magajin garin, Richard Daley, ya sa katafila ta farfasa titin da daddare. A kwamfutocin mutane dai filin ya ci gaba da aiki.

Da Flight Simulator X, wato FSX, ta fito a Oktoban 2006, ta zo da filaye sama da 24,000. Sai dai yawancinsu suna kawai suka tara. Titin sauka yana inda ya kamata, amma gine-ginen duk ɗinkin tela ɗaya ne. Ka sauka a Malam Aminu Kano, ka sauka a wani ƙauyen Kanada, ginin kamar an tsaga kara. Wannan giɓi shi ya raya kasuwa. Akwai masu gina fili don sha'awa su saka kyauta a ɗakunan ajiya irin na AVSIM, akwai kuma kamfanoni irin su Aerosoft na Jamus, da FlyTampa, da FSDreamTeam, da UK2000, da Orbx na Ostireliya, masu ɗaukar watanni suna zana fili ɗaya tak: lambar kowace ƙofa, tabon mai a inda jirage ke tsayawa, baƙin taya a bakin titi, har gadar da fasinja ke bi ya shiga jirgi.

A lokacin, babban fili yakan kama tsakanin dala 20 da 35. Wato filaye biyu ko uku sun kai kuɗin manhajar kanta, alhali kowace tafiya tana bukatar wurin tashi da wurin sauka. Masu saye suna ƙorafi, masu ginawa suna cewa kasuwar ƙarama ce, ga masu sata suna rarrabawa kyauta. A ganina kowa na da gaskiyarsa. Ƙanƙantar kasuwar ce ma ta sa filayen Turai da Amurka suka fi samun masu yi musu aiki, don can masu sayen suke. Amma wani abu ya biyo bayan farashin: wanda zai karɓi dala 30 dole ya nuna aikin dala 30 a hotunan talla. Sai aka shiga gasar ƙawa, ita kuwa ƙawa ƙwaƙwalwa take ci.

A nan katangar take. An gina FSX a tsarin bit 32, kuma manhaja mai wannan tsari ba ta iya ƙirga wuraren ajiya sama da kusan biliyan 4.3, wato giga 4. Ba ruwanta da yawan RAM ɗin da ke cikin na'ura. Kamar ɗan kasuwa ne mai katafaren sito a baya, amma rumfarsa taku huɗu ce, kuma doka ta ce duk abin da zai sayar sai yana cikin rumfa. Da yawa sun kashe kuɗi sun sa RAM giga 16, suka tarar ba ta sauya zani ba. Masu tsohuwar Windows mai bit 32 kuwa ko huɗun ba su samu, giga 2 ake ba manhaja, ko 3 in an yi wa na'urar dabara. Wannan fili na giga huɗu shi ake kira VAS (Virtual Address Space), kuma ya zama kamar ma'aunin mai na biyu, matuƙi na kallonsa fiye da na jirgin.

A duba lissafin hoto ɗaya da ake lulluɓa wa bangon gini. Mai faɗin ɗigo 1024 a kowane gefe, in ba a matse shi ba, mega 4 yake ci. A mayar da shi 4096 don a iya karanta rubutun jikin ƙofa, ya koma mega 64. Ninki goma sha shida ke nan, a kan bango ɗaya. Fili kuwa na da irin waɗannan hotuna da yawa. Ga jirgin da ake tuƙawa, irin 737 ɗin kamfanin PMDG na 2011 ko 777 ɗinsu na 2013, shi ma ya ɗebi kaso mai tsoka tun yana ƙasa. Ga gizagizai, ga bishiyoyi, ga sauran jirage masu kai da komowa. Sannan FSX na da halin rowa: abin da ta ɗauka a hanya ba ta cika sakinsa duka ba. Shi ya sa ba a wurin tashi ake faɗuwa ba, sai a ƙarshen doguwar tafiya, daidai lokacin da fili mafi nauyi ke neman wurin zama.

Mutane suka koyi zama da shi. Ƙararrawar nan daga FSUIPC take, wata 'yar manhaja ta Pete Dowson mai gargaɗi idan wuri ya kusa ƙarewa. Wasu kafin su fara gangara sai su adana tafiyar, su kashe manhajar, su sake kunnawa, don a share rumfa. Wasu kafin tashi sukan kashe duk filayen da suka saya ban da biyun da za su yi amfani da su. Kamfanonin ma suka fara haɗa filayensu da ɗan allon zaɓi: cire ciyawa, cire motocin da ke ajiye, rage kaifin hoto. Ka biya kuɗin ƙawa, sannan ka zauna kana kashe ta da hannunka.

Gyaran ya yi jinkiri ne saboda babu mai gyarawa. A Janairun 2009 Microsoft ya rufe Aces, sashen da ke yin manhajar. Lockheed Martin ya karɓi tushen aikin ya fitar da tasa manhajar, Prepar3D, a 2010, shi ma bit 32. Kamfanin Dovetail ya sake sakin FSX a kasuwar wasanni ta Steam a Disambar 2014, katanga na nan daram. X-Plane na Austin Meyer, wata manhajar kwaikwayon tuƙi ta daban, ya riga su tsallakewa a 2013, amma wanda ya tara filaye na ɗaruruwan daloli ba ya ƙaura cikin sauƙi, domin ba sa aiki a can. Sai a Mayun 2017 Prepar3D na huɗu ya zo da bit 64.

Katanga ta faɗi, aljihu ya sake buɗewa. Kowane babban zubi na Prepar3D sabon saye ne, a 2017 dala 59.95 na ɗalibai, 199 na ƙwararru. Wasu masu filaye sun sabunta kayansu kyauta, wasu suka nemi ciko, wasu filayen kuma aka bar su a baya. Jirage sun fi tsada a can: 777 ɗin da ke kusan dala 90 a FSX ya kai kusan 135.

A Agustan 2020 Microsoft ya dawo da sabuwar Flight Simulator tare da kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa. Duniyar yanzu daga intanet take saukowa, bisa hotunan Bing, da filaye kusan 37,000, ga kasuwa a cikin manhajar kanta. Masu saye suka yawaita, farashin fili ya ɗan sauka, na kyauta suka cika shafin Flightsim.to. Shi kansa Microsoft da filaye ya bambanta farashinsa a 2020: zubin dala 60 na da 30 da aka zana da hannu, na dala 120 na da 40, kuma Heathrow da Dubai suna cikin mai tsadar.

Akwatin OOM ya yi ƙaranci, amma matsin wuri ya sauya ne kawai. Da aka kai manhajar kan na'urar wasa ta Xbox a Yulin 2021, wanda ƙaraminsa giga 10 ne gaba ɗaya, masu kwamfuta suka yi ta gunaguni cewa an rage musu nisan gani. Yau katin hoto mai giga 8 na iya shaƙewa a babban fili, hoto ya riƙa tsalle daidai wurin sauka. Mai sayen data da giga-giga kuma yana da tasa katangar. Zubin 2024, da ya fito a 19 ga Nuwamba, ya sa giga 64 a matsayin RAM ɗin da ya fi dacewa, ninki goma sha shida na tsohuwar iyaka. Manyan filayen sayarwa kuwa har yanzu da yawansu suna zuwa da maɓallin kashe cikin zauren fasinja.