Waiwaye: Bai wa ƙaramin yaro maganin rashin natsuwa, daga 1937 zuwa yau

A aiki yaro ɗan shekara biyar ya ɗauko takalminsa. Zai tashi da gudu, kafin ya kai ƙofa wani abu ya ɗauke masa hankali, ya dawo hannu rabbana. A aji ba ya iya zama, ba ya jiran layi ya zo kansa, yana katse malama tana tsaka da magana. Idan abin ya wuce ƙiriniyar ƙuruciya har likita ya tabbatar larurar rashin natsuwa ce, wadda ake kira ADHD, sai iyaye su tsaya a kan tambaya mai nauyi: a ba shi magani ko a dakata? Likitoci ma sun fi shekara tamanin suna ja-in-ja a kanta.

A 1902 likitan yara George Still ya yi wa takwarorinsa a Landan bayanin wasu yara masu basira waɗanda ba sa iya kame kansu, ya kuma lura cewa abin yana samun har 'ya'yan gidajen da ba a yi sakaci da tarbiyya ba. Magani kuwa tsintarsa aka yi. A 1937, a jihar Rhode Island ta Amurka, Charles Bradley ya bai wa yara 30 ƙwayar Benzedrine, wato amfetamin, da niyyar rage musu ciwon kai bayan wani gwajin ƙwaƙwalwa. Ciwon kan bai tafi ba, amma kusan rabinsu sai suka duƙufa ga karatu, malamai na ta mamaki. Ƙwayar da aka sani da zaburar da manya ita ce ta natsar da yara. Yau an fahimci dalili: tana ƙara sinadaran dofamin da noradirenalin a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe hankali wuri guda da taka wa mutum birki.

A 1944 aka haɗa metilfenidet, wata ƙwaya mai irin wannan aiki, a kamfanin Ciba na Suwizalan, aka sa masa suna Ritalin. Farkon shekarun 1960 aka fara rubuta wa yara shi a Amurka, kuma nan da nan cece-kuce ya tashi. A 1970 wani rahoton jarida ya yi zargin ana ɗirka wa ɗaliban birnin Omaha ƙwayoyi barkatai, har majalisar dokokin ƙasar ta zauna a kan batun. Daga baya aka gano an zuzuta alƙaluman, amma tsoron ya riga ya shiga zukatan iyaye.

Wani babban gwaji ya fito a 1999, wanda ake kira MTA. An bi yara 579 masu shekara bakwai zuwa tara na tsawon wata 14. Waɗanda aka ba magani ana sa musu ido sosai sun fi samun sauƙin alamomin a kan waɗanda aka yi wa gyaran ɗabi'a kaɗai. Sai dai da aka koma kansu bayan shekara uku, tazarar ta dishe, kuma waɗanda suka ɗore da shan ƙwayar sun gaza tsaransu tsawo da kimanin santimita biyu. Duka ɓangarorin muhawarar da wannan gwaji suke kafa hujja har gobe.

To ina 'yan ƙasa da shekara shida? Nan ne abin ya fi ɗaure kai, domin an daɗe ana rubuta musu maganin kafin a gwada shi a kansu yadda ya kamata. Sai a 2006 aka fitar da sakamakon gwajin PATS, da ya ɗauki yara 303 masu shekara uku zuwa biyar da rabi. Tsarinsa kansa abin lura ne: sai da iyaye suka yi mako goma suna koyon dabarun tafiyar da yaro, wanda bai samu sauƙi ba shi aka bai wa ƙwaya. An gwada metilfenidet daga miligiram 1.25 zuwa 7.5, sau uku a rana. Maganin ya yi aiki, amma bai kai yadda yake yi wa 'yan firamare ba, illarsa kuma ta fi yawa: rashin cin abinci, rashin barci, saurin kuka da fushi, da tafiyar hawainiya a girma. Kusan kashi 11 cikin ɗari sun daina sha saboda haka. Jikin ƙaramin yaro ba ya saurin fitar da maganin, don haka abin da ɗan shekara tara zai ɗauka lafiya lau yana iya yi wa ɗan shekara huɗu yawa.

Wannan ya sa a 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ga ɗan shekara huɗu zuwa biyar, a fara da horar da iyaye, sai idan bai wadatar ba kuma larurar tana cutar da yaron sosai za a kawo metilfenidet. Ingila ta fi tsaurarawa: ƙa'idarta ta 2018 ta hana bai wa ɗan ƙasa da shekara biyar magani sai an ji ta bakin ƙwararre na biyu. A ganinmu wannan taka-tsantsan daidai ne. Amma wanda ya ga yaron da ake kora daga aji kullum, ba mai son wasa da shi, yana faɗawa titi ba ya duba mota, ya san ƙin ba da maganin ma yana da nasa hasarar.

Horar da iyayen ba wa'azi ba ne, aiki ne na hannu. A durƙusa daidai tsayin yaron, a kira sunansa, a haɗa ido, a ba shi umarni ɗaya tak. Da zarar ya yi, a yaba masa nan take, a faɗi abin da ya yi daidai. Hukunci ya zama gajere, iri ɗaya kullum, ba tsawa ba duka.

Kafin a kai ga ƙwaya, sai an tabbatar alamomin sun kai wata shida kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta. A duba jinsa da ganinsa, a duba ko yana minshari ko barcinsa ba ya isa, ko akwai tashin hankali a gida. A duba ranar haihuwarsa ma: wani bincike na 2018 a Amurka ya nuna cewa ƙananan aji, waɗanda aka haifa dab da rufe ɗaukar ɗalibai, sun fi manyan ajin samun laƙabin ADHD da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Idan an yanke shawarar gwadawa, likita zai tambayi tarihin ciwon zuciya a dangi, ya auna tsawo, nauyi, bugun zuciya da hawan jini. Ana farawa da ɗan kaɗan, a ƙara mako-mako. Ƙwayar gajeren zango tana aiki awa uku zuwa huɗu, mai dogon zango takwas zuwa sha biyu. A ba shi bayan ya karya kumallo, kada a kai yamma liƙis. Idan yaro ya yi tsit kamar ba shi ba, ya daina dariya, alama ce an yi masa yawa, a koma wa likita. A riƙa auna nauyinsa duk wata uku, tsawonsa duk wata shida, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara a zauna da likita a duba ko har yanzu yana bukatarsa, ko a ɗan tsayar a ga yadda zai kasance.