Tambayoyi da amsoshi kan hular kwanon keke ta gasar tirayatlon

Tun da wasu samarinmu na Sakkwato suka fara sha'awar tirayatlon, wato gasar da ake haɗa ninkaya da tseren keke da gudu a jere, tambayoyi iri ɗaya ake ta yi mini kan hular kwano. Ga amsoshin a rubuce, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Dole ne sai da hular kwano?

Dole ne. Wanda ba shi da ita ba zai hau keke a gasa ba.

Ina da ta kabu-kabu, ko zan iya shiga da ita?

A'a. Ta babur nauyi gare ta, ba ta da isassun kafofin iska, kuma ba don keke aka yi ta ba. Ta masu gini kuwa an yi ta ne saboda abin da zai faɗo wa mutum daga sama, ba ta kare wanda ya faɗi da kansa a kan kwalta.

Yaya zan gane wadda aka amince da ita?

Juya ta ka duba takardar da aka liƙa a ciki. Ta Amurka tana ɗauke da shaidar gwajin inganci na CPSC, wanda ya zama tilas a can tun 1999. Ta Turai tana da CE tare da EN 1078. Ta Ostareliya da Niyu Zilan kuma AS/NZS 2063. Hukumar World Triathlon, mai kula da tirayatlon a duniya, tana buƙatar hular da wata hukumar gwaji ta ƙasa ta tantance, kuma ta hana a canza ko a cire wani sashe nata, har da igiyar haɓa. Duk da haka ka karanta ƙa'idojin gasar da za ka shiga.

Na ga ta gwanjo mai kyau, da alamar CE a ciki, kuma da araha. In saya?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsa ta da kalma ɗaya, domin na san sabuwa ta gaske tana da tsada kuma ba kowane shago ke da ita ba. Abin da ke kare kai shi ne soson nan mai tauri da ke ƙarƙashin kwanon, dangin wanda ake samu a kwalin talabijin, kuma aikinsa shi ne ya murƙushe idan an bugu domin ya shanye ƙarfin bugun. Sau ɗaya yake yin wannan aiki. Hular da aka taɓa faɗuwa da ita tana iya zama sumul daga waje alhali cikinta ya riga ya mutu, mai sayarwa kuma, ko da mai gaskiya ne, a dila ya same ta, bai san tarihinta ba. Takardar CE tana shaida yadda hular ta fito daga masana'anta ne kawai, ga shi kuma ana buga ta jabu. Idan ka san mai ita, ka tabbata bai taɓa faɗuwa da ita ba, ka cire ƙananan matasan ciki ka duba ba tsaga ba lotsewa, igiya ba ta zare ba, maɓalli yana kamawa da ƙarfi, kwanan watan ƙira bai yi nisa ba, to ba zan ce kada ka saya ba, musamman idan zaɓin da ya rage maka shi ne atisaye kai a buɗe. Amma wadda aka zube a rana a bakin kasuwa, ni ba zan ba ƙanena ita ba.

Yaushe ake ɗaure igiyar?

Kafin ka ɗauki kekenka daga wurin ajiyarsa, kuma ba za ka kwance ba sai ka mayar da shi. Alƙalai suna hukunta wanda ya saɓa wannan, kuma sabbin shiga ne suka fi faɗawa ciki saboda gaggawa.

Zafin Sakkwato fa?

Wanda ya san Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai sayi rufaffiyar hular nan mai dogon wutsiya ba don kawai ya gan ta a kan zakaru. Kilomita 40 za ka tuƙa a tsayin gasar Olamfik, sannan gudun kilomita 10 yana jiranka, saboda haka nemi mai kafofin iska da yawa. Kuma ku daina barin ta cikin mota a rana, zafi yana lalata soso da gam.

Zan iya sa hulata a ƙarƙashi?

Haba! Zanna ko kube tana ɗaga kwanon daga kai, sai ya zame a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ƙyalle marar kauri, ko siririn ɗankwali ga mata, ba laifi, muddin da shi aka gwada girman hular.

Ta fi tsada ta fi kariya?

Kwantar da hankalinka, duk mai shaidar gaske ta ci gwaji ɗaya da mai tsadar da ke ɗauke da irin shaidarta. Auna kanka da awon tela sama kaɗan da gira, ka zaɓi girman da ya dace, ta zauna daidai kimanin yatsu biyu bisa gira, kuma kada ta motsa idan ka girgiza kai.