Ƙorafi kan Shirin Rediyo ko Talabijin: Ina Yake Zuwa, Wa ke Yanke Hukunci?

Mai gabatarwa ya zagi wata al'umma a shirin kai tsaye, ko an ɗora wa wani bawan Allah laifi ba tare da an ji ta bakinsa ba, ko an saka fim mai zubar da jini da tsakar rana yara na zaune. Abin da yawancin masu sauraro da masu kallo ke yi shi ne su ja tsaki su sauya tasha. Kaɗan ne suka san cewa doka ta tanadar musu hanyar kai ƙorafi, kuma cikin waɗanda suka sani, kaɗan ne suka san yadda ake bin ta har a kai ga hukunci.

Tushen maganar shi ne lasisi. Zangon da rediyo da talabijin ke watsa shiri a kansa dukiyar jama'a ce, kuma ba ya isar kowa. Don haka wanda aka ba shi, an ba shi ne bisa sharaɗi, sharuɗɗan kuwa ana tattara su a kundin ƙa'idojin watsa shirye-shirye. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama ake sa wa gidan rediyo ido fiye da jarida. Amurka ta kafa hukumarta mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, FCC, tun 1934. Najeriya ta kafa NBC a 1992. Ofcom ta Birtaniya ta fara aiki a 2003, ACMA ta Ostareliya a 2005, ita kuwa Arcom ta Faransa an samar da ita a 2022 bayan an haɗe hukumomi biyu. Kundin kowace ƙasa da nasa salon, amma jigon kusan ɗaya ne: gaskiya a labarai, kare ƙananan yara, adalci ga wanda aka ambata, mutunta sirrin mutane, raba talla da labari, da hana tunzura jama'a. Wanda yake ganin na ƙarshen nan wasa ne, ya tuna rawar da gidan rediyon RTLM ya taka a kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, da hukuncin da kotun duniya mai zama a Arusha ta yanke wa jagororinsa a 2003.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, irin waɗannan hukumomi ba sa tace shiri kafin ya fita. Ofcom ba ta duba shiri sai bayan an watsa shi, dokar da ta kafa FCC kuwa ta haramta mata tace shirye-shirye ƙarara. Editan tasha ne ke ɗaukar nauyin abin da ya saki. Tun da kuma babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su saurari ɗaruruwan tashoshi dare da rana, mai sauraro ne idonta da kunnenta. Shi ya sa nake ganin shirun da muke yi bayan mun ji ɓarna asara ce ga kowa, har da tashoshin da ke kiyaye ƙa'ida alhali abokan gasarsu na cin kasuwa da keta ta.

To, ina ake fara kai ƙorafin? A nan ƙasashe suka bambanta. A Ostareliya, idan ƙorafi ya shafi kundin ƙa'idoji, sai an fara rubuta wa tashar. In ta yi kwana 60 ba ta amsa ba, ko ta ba da amsar da ba ta gamsar ba, sannan a wuce ACMA. A Birtaniya ana iya zuwa Ofcom kai tsaye kan tashoshi masu zaman kansu, amma kan BBC, wadda ta shiga ƙarƙashin Ofcom a 2017, yawanci sai an fara bi ta matakan ƙorafi na BBC ɗin kanta. A Afirka ta Kudu kuwa masu gidajen watsa shirye-shirye ne suka kafa tasu hukumar sauraron ƙorafi, BCCSA, a 1993, suka amince su bi hukuncinta. Hikimar fara tunkarar tasha a bayyane take. Kuskure da yawa gyara da ban haƙuri a washegari sun ishe shi, ba sai an buɗe fayil ba. Illarsa kuma ita ce tasha mai taurin kai na iya jan ƙafa har mai ƙorafi ya gaji ya bari, shi ya sa ake ɗaure ta da wa'adi.

Wa'adin bai tsaya kan tasha ba, ya hau kan mai ƙorafi ma. Ofcom na son ƙorafi ya iso cikin kwanakin aiki 20 da watsa shirin, BCCSA kuma cikin kwana 30. Dalilin ba son wahalar da mutane ba ne. Doka ta wajabta wa tashoshi adana rikodin abin da suka watsa na ɗan lokaci ne kawai: a Birtaniya kwana 42 ga rediyo, kwana 60 ko 90 ga talabijin, gwargwadon irin lasisin. In rikodin ya tafi, sai a koma ka-ce-na-ce, hukuma kuwa da abin da ta gani ko ta ji da kanta take aiki. Gani ya kori ji. Saboda haka ƙorafi mai amfani shi ne wanda ya faɗi sunan tashar, sunan shirin, rana, lokaci, da ainihin kalmar da aka furta ko hoton da aka nuna. "Wannan tashar ba ta da tarbiyya" ra'ayi ne, ba abin da jami'i zai yi da shi. "A shiri kaza, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, baƙo ya ce a kori 'yan ƙabila kaza daga gari, mai gabatarwa bai tanka masa ba", wannan kam ana iya zaro rikodi a saurara.

Akwai kuma bambanci tsakanin ƙorafi iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko kan ingancin abin da aka watsa ne, kamar batsa, tashin hankali, labarin ƙarya ko son kai, kuma kowane mai kallo na iya shigar da shi. Na biyu kan rashin adalci ko keta sirri ne, shi kuwa a tsarin Ofcom sai wanda abin ya shafa, ko wakilin da ya ba izini, ne zai kawo shi. In an ɗauki hoton mara lafiya a gadon asibiti ba da izininsa ba, shi ne mai magana, ba maƙwabcin da ransa ya ɓaci ba.

Da ƙorafi ya iso, ana fara tantance shi. Jami'ai za su duba rikodin, su auna shi da sashen kundin da ya dace, su tambayi kansu ko akwai alamar an karya ƙa'ida. Mafi yawan ƙorafe-ƙorafe a nan suke tsayawa, kuma a nan ne ran jama'a ya fi ɓaci, don suna ɗauka cewa yawansu hujja ne. A wannan fage dai sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba, ƙarfin kuwa na hujja ne. A watan Maris na 2021, mai gabatarwa Piers Morgan ya ce a shirin safe na tashar ITV ta Birtaniya bai yarda da abin da Meghan Markle, matar Yarima Harry, ta faɗa game da halin da ta shiga ba, har da batun tunanin kashe kanta. Ƙorafi sama da 50,000 suka kwarara zuwa Ofcom. A watan Satumba hukumar ta ce ba a karya ƙa'ida ba. Ta yarda cewa kalaman na iya cutar da masu fama da irin wannan damuwa, amma ta lura cewa abokan gabatarwarsa da baƙin shirin sun ƙalubalance shi nan take, don haka mai kallo ya ji ɗaya ɓangaren. A 2007 kuwa, lokacin da aka ci zarafin jarumar Indiya Shilpa Shetty da kalaman wariya a wani shirin tashar Channel 4 ta Birtaniya, ƙorafi ya haura 40,000, kuma hukumar ta sami tashar da laifi, ta tilasta mata karanta hukuncin a gaban masu kallonta. Yawan masu ƙorafin ya yi kusa da juna, sakamakon ya sha bamban, domin abin da aka auna shi ne yadda kowace tasha ta tafiyar da maganar. Ƙorafi guda ɗaya tak, in yana da tushe, ya isa a buɗe bincike.

Na san wannan na da ɗaci ga wanda aka ɓata wa rai, amma ina ganin daidai ne. Da ƙidaya ake yi, da duk ƙungiyar da ta iya tara mutane ta rufe bakin wanda ba ta so, kuma 'yan tsiraru, waɗanda su ne aka fi zalunta a iska, ba za su taɓa tara adadin da zai kare su ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne mahallin magana: wace tasha ce, wane irin shiri, ƙarfe nawa, su wa ake sa ran suna kallo, an yi gargaɗi kafin a fara ko ba a yi ba, akwai maslahar jama'a a ciki ko babu. Lokaci na da nauyi sosai. A Birtaniya ƙarfe 9 na dare ne iyaka a talabijin, abin da bai dace da yara ba ba ya fitowa kafin nan. A Amurka, kalaman da ba su dace ba an hana su a tashoshin iska daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. Kalma ɗaya na iya zama laifi da hantsi, ta wuce lafiya da tsakar dare. Haka nan nuna mai wa'azin ƙiyayya a rahoton da ke tona asirinsa daban yake da miƙa masa makirufo ya yi awa guda ba mai katse shi.

In aka ga akwai abin bincike, sai a rubuta wa tashar, a gaya mata sashen da ake zargin ta karya, a ba ta dama ta kare kanta. Ofcom takan fitar da matsayar wucin gadi, ta sake jin martanin tashar, kafin ta yanke hukunci ta wallafa shi kowa ya karanta. Hukunci hawa-hawa ne. Sau da yawa bayyana cewa an karya ƙa'ida shi kaɗai ne horon, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don yana shiga tarihin tashar, a tuna da shi ranar da ta sake ko ranar sabunta lasisi. Sama da shi akwai umarnin gyara ko karanta hukunci a iska, sai hana maimaita shirin, sai tara, sai rage wa'adin lasisi, dakatarwa ko sokewa. A 2008 Ofcom ta ci ITV tarar sama da fam miliyan 5 saboda maguɗi a gasannin da masu kallo ke biyan kuɗin kiran waya su shiga. A 2019 ta ci tashar RT ta Rasha tarar fam 200,000 kan rashin daidaito a rahotanni, sannan ta soke lasisinta a Maris na 2022. A Faransa, Arcom ta ci tashar C8 tarar yuro miliyan 3.5 a 2023 bayan mai gabatarwa ya zagi ɗan majalisa a shirin kai tsaye, daga baya kuma ta ƙi sabunta mata zango, tashar ta daina watsa shiri a ƙarshen Fabrairun 2025.

Hukumar da ke da ikon rufe bakin tasha kuwa, ita ma tana buƙatar mai sa mata ido, kuma wannan ɓangaren ne ya fi damuna. Kalmomi irin su "tunzura jama'a" ko "barazana ga zaman lafiya" suna da faɗi, gwamnatin da ba ta son suka na iya cusa kowane rahoto a cikinsu. Kariyar ita ce ƙa'ida rubutacciya da aka sani tun kafin a yi laifin, sauraron wanda ake zargi, bayyana dalilin hukunci, shugabannin da ba a tsige su don sun ɓata wa mai mulki rai, da kuma ƙofar kotu. Bayan abin da ya faru a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, na 2004, inda tsiraicin wata mawaƙiya ya bayyana na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, FCC ta ci tashar CBS da ta watsa wasan tarar dala 550,000, da ƙorafi sama da rabin miliyan a hannunta. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke tarar a 2008, ta sake soke ta a 2011, bisa dalilin cewa hukumar ta kauce wa tsarin da ta daɗe a kai ba tare da bayani ba. A Najeriya ma, NBC ta ci tashoshi 45 tarar naira 500,000 kowacce a 2019, ƙungiyar Media Rights Agenda ta kai ƙara, kuma a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar, tana mai cewa hukumar ba kotu ba ce, ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali a shari'a ɗaya ba. Wanda ya yi murna don an rufe tashar da ya tsana ba tare da bin ƙa'ida ba, ya sani cewa da wannan hanyar za a rufe wadda yake so.

Mai ƙorafi kuma ya san iyakar abin da zai samu. Tarar da aka ci ba aljihunsa take shiga ba, a Birtaniya baitulmalin gwamnati take tafiya. Hukumar ba ta biyan diyya, ba ta kuma korar mai gabatarwa, wannan tsakaninsa ne da masu tashar. Wanda aka ɓata wa suna yana neman diyya, kotu ce wurinsa, kuma a tsarin Ofcom in maganar na gaban kotu hukumar ba ta saurarar ƙorafin rashin adalci a kanta. Sannan ikon nan na bin lasisi ne. Shirin da tasha ta watsa a iska yana ƙarƙashin kundin, amma bidiyon da wani ya ɗora a YouTube ko Facebook daga ɗakinsa yawanci ba ya ciki, sai dai a bi ta dokokin dandalin ko wasu dokokin ƙasa. Tarayyar Turai ta faɗaɗa ƙa'idojinta a 2018 suka taɓo dandalin bidiyo, Birtaniya kuma ta yi dokar 2024 da ta ba Ofcom hurumin tsara ƙa'idoji ga manyan kamfanonin da ke nuna fina-finai ta intanet. Don haka kafin a rubuta ƙorafi, a fara tabbatar da inda aka ga abin, a iska ne ko a intanet, domin shi ne zai nuna ofishin da ke da hurumin karɓarsa.