Waken GMO da masarar TELA: me doka ta ce?

A kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, wake wake ne. Mai saye yana duba girman ƙwaya da farashi kawai. Amma tun 2019 Najeriya ta amince a noma wani wake da aka sauya wa ƙwayoyin halitta (abin da ake kira GMO ke nan), mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar. An sanya masa sinadarin da ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake, don manomin da ke feshi kusan sau 8 ya koma sau 2. A farkon 2024 kuma aka saki masarar TELA, ita ma GMO ce, mai jure tsutsa da ƙarancin ruwa.

Dokar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, aka yi mata gyara a 2019. Ita ta kafa hukumar NBMA, mai sa ido kan harkar GMO, a Abuja. Ginshiƙinta ɗaya ne: babu mai shigo da irin wannan abinci ko iri, ko ya gwada shi a gona, ko ya sake shi ga manoma, sai da izinin hukumar. Kafin ta ba da izini, dole a auna haɗarinsa ga lafiyar mutum da dabba da muhalli, a buga sanarwa a jaridu, a bai wa jama'a kwana 21 su kawo ƙorafi. Wanda ya karya, tarar aƙalla naira miliyan 2.5 ce ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun.

Kwana 21 a jaridar Turanci! Manomin Kumo ko Dukku, wanda rediyo ce jaridarsa, yaushe zai ji, balle ya rubuta?

Masu adawa, irin su ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF, suna cewa binciken bai wadatar ba, kuma manomi zai zama ɗan amshin shatan kamfanonin iri. A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da sababbi har a yi bincike, sai dai ƙudurin majalisa ba ya soke doka. Batun iri kuwa yana buƙatar a rarrabe: waken ana iya ajiye shi a sake shukawa baɗi, amma TELA masara ce mai aure, wato wadda aka samu ta hanyar haɗa iri biyu, kuma kowace mai aure, ko ba GMO ba ce, amfaninta raguwa yake idan an sake shuka 'ya'yanta.

Inda na fi ganin rauni shi ne lakabi. Doka ta ce a rubuta a jikin kaya cewa GMO ne, don wanda ba ya so ya kauce. Wannan ya dace da ledar iri da kwalin kanti. Da zarar an girbe, dillali ya haɗa buhun wannan da na wancan, an zube a tabarma ana awo da mudu, ina za a manna takardar? Mai ƙosai da mai alala ba su da abin faɗa wa mai tambaya. Manomi ne kaɗai zai iya sani, shi ma idan ya karanta sunan irin a leda: na Samaru da aka sauya wa halitta, sunayensu suna ƙarewa da harafin T.