Mece ce gaɓa? Mu yanka "entrepreneurship" kamar rake

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta dawo gida da sunan wani darasi da ya fi ƙarfin bakinta: entrepreneurship, wato dabarun kafa sana'a da tafiyar da ita. "Yaya, harshena sarƙewa yake yi," in ji ta. Na ce to ki daina haɗiye kalmar ɗungurungum. Ko mai rake a hanyar Kwalkwalawa gaɓa-gaɓa yake yankawa.

Gaɓa a ilimin harshe ita ce guntun kalma da ake furtawa a bugu ɗaya, kuma wasali ne zuciyarta. Sak-kwa-to uku ce. Ki sa bayan hannu ƙarƙashin haɓa ki faɗa a hankali, duk sauka ɗaya gaɓa ɗaya.

Kalmar tata haruffa 16 ne, amma gaɓoɓi 5 kacal: en-tre-pre-neur-ship. Ta farko "on" ake cewa, ba "en" ba, domin asalin kalmar daga Faransanci Turawan Ingila suka aro ta. Ta huɗu, wadda rubutunta ya fi ban tsoro, kusan "na" ce mai ɗan ja, kuma a kanta ake danna murya.

Inda gizo ke saƙar shi ne "tre" da "pre". Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali kamar "ta", baƙi da dogon wasali ko tagwai (wasula biyu a haɗe) kamar "kai", sai baƙi-wasali-baƙi kamar "kan". Ba mu fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, don haka bakinmu da kansa yake cusa wasali a tsakani. Haka bread ta zama burodi, brake ta zama birki, driver ta zama direba. Wannan ba kuskure ba ne a Hausa, ƙa'idarta ce, kuma ni dai burodi ya fi mini daɗin faɗa. Amma in Turancin ake so, cusa wasalin nan ne ke mayar da gaɓa 5 ta koma 7.

Ga kuma "p", wadda muke mayarwa "f". Mu Sakkwatawa da ko "faɗa" ma "hwaɗa" muke cewa, sai an rufe leɓɓa gam kafin a saki iska.

Na ce ta faro daga baya: ship, neur-ship, pre-neur-ship. A karo na huɗu ta faɗe ta daidai, Inna kuwa daga madafa tana tambaya ko sunan magani ne.