Mai digiri da alli a hannu: abin da dokar rajistar malamai ta ce, da abin da aka ƙara mata

Daren Lahadi 'yar yayata ta kira ni, muryarta na rawa. "Kawu, wai da gaske ne duk mai koyarwa da ba shi da takardar rajistar malamai ta TRCN za a ɗaure shi shekara biyu?" Na tambaye ta inda ta ji. Ta ce wani saƙon murya ne yake yawo a zauren WhatsApp na malaman makarantarsu. Mai maganar har da rantse-rantse, wai jami'ai sun fara bin makarantu aji-aji, wanda yake son tsira ya turo kuɗi a yi masa takardar cikin kwana uku. Ita digirin Kemistiri gare ta, shekararta ta uku ke nan tana koyar da 'yan babbar sakandare a wata makarantar kuɗi. Tunda take ba ta taɓa zaman darasin koyarwa ko na awa ɗaya ba.

Irin wannan jita-jitar wuyar kashewa gare ta, domin an kwaɓa ta ne da 'yar gaskiya. Dokar tana nan. Shekara biyun ma tana nan a rubuce. Amma tsakanin abin da ke rubuce da abin da mai saƙon muryar yake faɗa akwai tafiya mai nisa.

A 1993 gwamnatin soja ta kafa hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, da doka mai lamba 31. Daga baya aka shigar da dokar cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Aikin hukumar shi ne ta fayyace wane ne malami, ta riƙe rajistar sunayensu, ta ba su lasisi, ta kuma ladabtar da wanda ya ci amanar aikin, kamar dai yadda likitoci da injiniyoyi suke da tasu hukumar. Ta shafi malaman gwamnati da na makarantun kuɗi, daga nazare har sama.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne a kan wanda ya cancanci rajistar. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: masu digirin digirgir a rukunin A, masu digiri na biyu a B, masu digirin farko a C, masu NCE, wato shaidar malanta ta kwalejin ilimi, a D. Da mutum ya ga wannan jeri sai ya ce ai shi ke nan, ina da digiri, ina C. A'a. Digirin da ake nufi shi ne na fannin ilimin koyarwa: B.Ed, ko B.A.(Ed), ko B.Sc.(Ed). Idan digirinka na Lissafi ne zalla, ko Tarihi, ko Larabci, ko Nazarin Addinin Musulunci, ko HND gare ka, sai ka haɗa da shaidar koyon koyarwa, wadda aka fi sani ita ce PGDE, difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri. Ko digirin digirgir ka yi a Fiziks, sharaɗin bai sauka daga kanka ba. Shi ya sa a idon wannan doka yarinyar da ta gama NCE bara ta cancanci shiga rajista, 'yar yayata mai digirin Kemistiri kuwa ba ta cancanta ba tukuna.

Da na gaya mata haka sai ta ce, "To Kawu me suka sani wanda ban sani ba? Ni fa na fi su sanin Kemistirin." Ban musa mata ba, wataƙila ma ta fi su ɗin. Sai dai ba sanin Kemistiri dokar take tambaya ba.

Wanda ya shiga tsangayar ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, karatunsa kashi biyu ne. Kashi ɗaya fannin da zai koyar, ɗayan kuma koyarwar kanta. A nan ne ake karanta tarihin ilimi da falsafarsa, da yadda makaranta take cuɗanya da al'ummar da ke kewaye da ita. Akwai nazarin halayyar ɗan Adam, musamman yadda yaro yake girma da yadda yake ɗaukar karatu, abin da ɗan shekara bakwai zai iya riƙewa da wanda sai ya kai sha biyar. Akwai tsara manhaja, da dabarun koyar da kowane fanni, domin yadda ake shigar da Hausa kan yaro ba haka ake shigar da Lissafi ba. Akwai kwas na gwaji da auna fahimta, wanda ni a wurina shi ne aka fi rainawa kuma shi ne aka fi buƙata: yadda ake tsara tambayar jarrabawa da za ta auna abin da aka koyar, ba wadda za ta nuna wa yara cewa malam ya yi karatu ba. Duk mun zauna a ajin malamin da yake alfahari da cewa a jarrabawarsa babu mai cin hamsin. Da ya yi wannan kwas ɗin da kyau, da ya san wannan ba abin tutiya ba ne.

Sannan akwai koyarwar gwaji, wadda ɗalibai suke kira TP. Kafin a fita ana fara ƙaramin gwaji a cikin jami'a, ɗalibi ya tsaya gaban 'yan ajinsa ya koyar na 'yan mintuna, su kuma su fito masa da kurakuransa ba sani ba sabo. Daga nan sai a tura shi makaranta ta gaske. A jami'o'i da dama makonni 12 ne, a raba biyu tsakanin aji uku da aji huɗu. 'Yan NCE kuwa zangon karatu guda suke yi a shekararsu ta uku. Ɗalibi zai rubuta tsarin darasi kullum, malaminsa na jami'a ya zo ya zauna a bencin baya ya ba shi maki. Ba a kammala karatun sai an ci wannan. Na san akwai inda TP ta zama wasan yara, malamin duban ya zo sau ɗaya ya sa hannu ya hau babur ɗinsa. Wannan laifin masu aiwatarwa ne. Abin da dokar take nema a takarda dai shi ne kada mutum ya karɓi ajin yara shi kaɗai sai wani ya taɓa kallonsa yana koyarwa ya ce ya iya.

Wannan giɓin ne PGDE take cikewa. Ba sabon digiri ba ne, ba kuma komawa aji ɗaya ba. Kusan shekara guda ce, darussan koyarwar nan ne a dunƙule, da koyarwar gwaji ta 'yan makonni, da ɗan bincike a ƙarshe. Jami'o'in da na ambata suna yi. Cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976, tana yi a cibiyoyinta na jihohi ga masu aiki, haka ma buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN. Mutum zai iya yi ba tare da ya ajiye aikinsa ba.

TRCN ita kanta ba makaranta ba ce, ba ta koyar da kowa. Sai ka zo da shaidarka ta koyarwa tukuna, sannan ka zauna jarrabawar cancanta da aka fara a 2017, wadda ake yi a kwamfuta. Idan ka ci a ba ka takardar rajista da lasisi, shi lasisin ana sabunta shi duk bayan shekara uku. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo maka "TRCN" cikin kwana uku alhali ba ka da NCE ko B.Ed ko PGDE, ɗayan biyu ne: ko ya gudu da kuɗinka, ko ya miƙo maka jabu. Na biyun ya fi muni, domin yin ƙarya don a samu rajista laifi ne a sashen nan dai da ake tsorata mutane da shi.

To mu zo kan sashen. Sashe na 17 ne. Ya ce wanda ba ya cikin rajista, ya kama aikin koyarwa ko ya riƙa nuna kansa a matsayin malami mai rajista, ya yi laifi. Idan an same shi da laifin, hukuncin ya kai tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko a haɗa masa duka.

A lura da "idan an same shi da laifin". Kotu ce take samun mutum da laifi. Jami'in TRCN ba alƙali ba ne, shugaban makaranta ba alƙali ba ne, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ma haka. Sai an shigar da ƙara, an kawo hujja, an ba wanda ake tuhuma damar kare kansa. Babu inda aka ce a shiga aji a tasa ƙeyar malami zuwa gidan yari. A lura kuma da "ko", da "bai wuce ba". Shekara biyu ita ce iyakar sama, ba ita ce mafari ba, kuma alƙali yana da zaɓin tara. Mai saƙon muryar ya ɗauki ƙarshen hukuncin ya mai da shi farkonsa, ya haɗiye tarar gaba ɗaya, don ya san idan ya ce naira 5,000 babu wanda zai turo masa ko sisi. Tarar da kanta tana nuna shekarun dokar. A 1993 kuɗi ne mai nauyi. Yau bai isa cefanen kwana biyu ba a gida mai iyali.

An taɓa yin irin wannan firgici. Majalisar ilimi ta ƙasa ta sa ranar 31 ga Disamba 2019 a matsayin wa'adin fitar da malaman da ba su cancanta ba daga aji, lokacin Adamu Adamu yana ministan ilimi, Farfesa Josiah Ajiboye yana shugabantar TRCN. An yi ta shela, mutane suka yi ta tururuwar zana jarrabawa. Ranar ta zo ta wuce, makarantu ba su zama kango ba. Dalilin a fili yake: ƙasar da take kukan ƙarancin malamai, musamman na kimiyya da Lissafi, ba za ta iya kwashe masu digiri daga aji a rana ɗaya ba.

Wasu suna kawo misalin Kaduna, inda a 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare gwaji, sama da 21,000 suka faɗi, aka sallame su. Wannan ya faru, kuma raɗaɗinsa bai bar mutane ba. Amma ba dokar TRCN ce ta kore su ba. Gwamnatin jiha ce, a matsayinta na uwar gijiyar da ta ɗauke su aiki, da jarrabawar da ita ta shirya. Kuma a nan ainihin haɗarin yake ga wanda ba shi da rajista. Ba ɗan sanda zai zo masa ba. Talla za a yi ta ɗaukar malamai a ce sai mai TRCN, ko a zo tantance ma'aikata a nemi lasisi, ko ya nemi koyarwa a ƙasar waje a ce ya kawo wasiƙar shaida daga hukumar. A nan ƙofa take rufuwa, shiru, ba tare da kotu ba.

Akwai wata maganar da take tafiya tare da wannan, wai an soke NCE. Ba a soke ba. Manufar ilimi ta ƙasa har yanzu NCE ta ajiye a matsayin mafi ƙarancin shaidar shiga aikin koyarwa, tun bayan da aka daina karɓar tsohuwar takardar Gired Tu. Abin da ya sauya shi ne wata doka ta 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE, wasu kuma, kamar ta Zariya da ta Kano, an ɗaga su sun zama jami'o'in ilimi. Mai NCE yana nan a rukunin D, kuma idan yana son digiri yakan shiga daga aji biyu.

Ni dai ban ga aibin a ce sai mutum ya koyi koyarwa kafin ya koyar ba. Ba ma yarda wanda ya karanta Bayoloji ya buɗe asibiti don ya san sunayen ƙasusuwa. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda aka ɗora wa nauyin. Mai makarantar kuɗi ya ga takardun yarinyar nan ƙuru-ƙuru, ya san babu darasin koyarwa a ciki, ya ɗauke ta saboda ta fi araha, yana biyan ta abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024 ba. Daga cikin wannan ɗan abin ne za ta biya kuɗin PGDE, ta biya na jarrabawa, ta biya na lasisi, bayan shekara uku ta sake biya. Idan ta gama, ba lallai ne ya ƙara mata ko kwabo ba. Likita da lauya suna biyan kuɗin lasisi suna fanshewa a aiki. Da ana bin makarantu da gaske, ofishin mai makarantar ya kamata a fara shiga, ba ajin malamar ba.

Na ce mata kada ta tura wa kowa kuɗi, ta kuma bar zancen ajiye aiki. Ta je tsangayar ilimi ta jami'ar da ke kusa da ita, ko cibiyar NTI ta jiharsu, ta tambayi lokacin da ake sayar da fom ɗin PGDE da tsarin karatun ƙarshen mako. Kafin ta biya ta tabbata TRCN ta amince da shirin wannan wurin, domin ba kowace difloma mai ɗauke da kalmar ilimi ake karɓa ba. Ta ce, "Kawu, TP ɗin fa? Ni da nake da aji tun shekara uku?" Na ce za ki yi shi, wani zai zo ya zauna a bencin baya ya ba ki maki. Ta yi dariya ta ce to Allah Ya sa kada ya zo ranar da take da 'yan aji huɗu bayan tara.